2,5 na me? Yadda za a zaɓi hanyar ajiye ma'aunin sakamakon labo a dosiyen kwamfuta

Idan aka rubuta cewa sukarin jinin yaro 2,5 ne aka yi shiru, ba a gama magana ba. In gram ne cikin lita, kamar yadda labo da yawa na ƙasarmu Nijar suka saba rubutawa, sukarin ya hau har 250 mg/dL. In kuwa milimol ne cikin lita, kamar yadda takardun Sakkwato da Kano kan zo, sukarin ya faɗi zuwa 0,45 g/L, yaron yana bukatar ruwan sukari nan take. Kireyatinin, awon da ke nuna aikin ƙoda, ma haka. Sittin a µmol/L ƙoda ce lafiyayya. Sittin a mg/L daidai yake da 530 µmol/L, mai shi ya kusa kai wa ga zancen wankin ƙoda.

Mutumin Tawa ya san irin wannan a kasuwa. Mai tumatir ta ce "ashirin", kowa ya gane dala take nufi, wato sefa ɗari, baƙo kaɗai ke miƙa abin da bai kai ba. A Ƙonni kuwa sai an tambaya, naira ko sefa. Kwamfuta baƙuwa ce kullum, abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Ga shi jihar Tawa mahaɗa ce ta takardu: na labon babban asibitin jiha, na waɗanda aka tura Yamai suka dawo, na asibitin Galmi, na waɗanda suka tsallaka iyaka neman magani, da ƙananan na'urorin awon sukari na gida waɗanda wasu ke nuna mg/dL wasu mmol/L. Duk asibitin da zai koma dosiyen kwamfuta dole ya yanke shawara kan yadda zai ajiye ma'auni, kuma gara ya yanke kafin a shigar da sakamako na farko.

Hanya ta farko: ma'aunin yana manne da gurbi

Ita ce mafi yawa saboda sauƙinta. Ana buɗe gurbi a sa masa suna "sukari, g/L", ma'aikaci ya buga lamba kawai. Ma'aunin yana kan allo, amma ba ya cikin layin da aka ajiye a rumbun bayanai. Manhajar OpenMRS haka take a asalinta: kowane awo mai lamba ana ba shi ma'auni ɗaya a ƙamus ɗin manhajar, tare da iyakar ƙasa da ta sama. Takardun Excel da ake amfani da su a ƙananan labo ma haka suke, ma'aunin yana saman layi.

Amfaninta shi ne sauri, da saukin zana hawa da saukar sakamako, da saukin haɗa rahoto. Tana aiki muddin injin awo ɗaya ne, ma'auni ɗaya ne, kuma ba a karɓar takardar waje. Sai dai waɗannan sharuɗɗa ba sa daɗewa. Ranar da aka kawo sabon inji mai fitar da mmol/L, sai wani ya gyara sunan gurbin, nan take duk tsofaffin lambobi su sa sabuwar riga. Wanda aka auna bara aka sami 1,10 g/L, yau allon zai nuna 1,10 mmol/L. Babu abin da ya motsa a rumbun, amma ma'anar shekaru ta juye. Takardar waje kuwa ma'aikaci ne zai juya ta da kansa, da waya ko da ka, layi na jiransa, kuma ba wanda zai iya gano abin da ya yi daga baya.

Akwai ƙanwar wannan hanya: a ba ma'auni gurbinsa, amma kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Bayan wata shida za a tarar da g/l, G/L, gr/l, g/litre, da gurbin da aka bari fanko. Mutum zai karanta ya gane, kwamfuta ba za ta iya lissafi da su ba. Babban harafi da ƙarami a nan ba ado ba ne. A takardun da ke bin tsarin Faransa, G/L na nufin biliyan cikin lita, da shi ake rubuta fararen ƙwayoyin jini da falaket, alhali g/L gram ne. Manhajar da ke mayar da komai manyan haruffa ta haɗe su ke nan. Harafin µ kuma yakan lalace a hanya tsakanin inji da kwamfuta, ya koma alamar tambaya, ko ya fito m a wasu nau'o'in rubutu, sai µmol ya zama mmol, bambancin ninki dubu.

Hanya ta biyu: a juya tun a bakin ƙofa, a ajiye juyayyen kaɗai

A nan asibiti yana zaɓar ma'aunin gida ɗaya ga kowane awo. Duk abin da ya shigo, daga inji ko daga takarda, manhaja ta ninka ko ta raba, ta ajiye amsar, ta yar da lambar asali. Wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba, domin kwamfuta ce ke lissafin, kuma likita yana ganin abu iri ɗaya kullum. Masu haɗa rahoto suna son ta.

Aibinta guda ne amma babba: in an yi kuskure babu inda za a koma. Kuskuren kuwa yana da ƙofofi. A ɗauki lambar juyin wani awo a sa wa wani, misali ta kolesterol, 2,586, a sa wa tirigiliserid wanda tasa 1,129 ce, tunda dukansu daga g/L ake juyawa zuwa mmol/L kuma suna maƙwabtaka a takarda. Ko a juya sau biyu: mai gyara ya zo ya saita inji ya riƙa fitar da µmol/L, manhaja kuma ba ta daina ninkawa da 8,84 ba. In an gano bayan wata uku, dole a bi rajistar takarda ɗaya bayan ɗaya, in tana nan.

Sai datse lamba. Kireyatinin 9,4 mg/L in aka juya zuwa mg/dL da lamba ɗaya bayan waƙafi zai zama 0,9. Wani ya sake juya shi zuwa µmol/L ya sami 80, alhali ainihinsa 83 ne. A bakin iyakar hukunci abin ya fi ciwo. Ana ɗaukar mutum mai ciwon sukari in awon da aka yi masa kafin ya karya ya kai 1,26 g/L, ko 7,0 mmol/L. Amma 1,26 g/L in an juya shi tsaf 6,99 ne. Manhajar da aka gaya wa ta yi gargaɗi daga 7,0 za ta bar wannan mutum ya wuce, ko da yake allo zai nuna 7,0 bayan an cike lambar. Saboda haka kowace ƙa'idar gargaɗi sai an faɗa mata a kan wace lamba za ta yi hukunci, cikakkiya ko datsattsiya, sannan a gwada ta da lambobin da ke daidai bakin iyaka.

Hanya ta uku: a ajiye asali yadda ya zo, a ajiye juyayye a gefensa

Wannan ita muke ba da shawara a bi, ko da ta fi cin aiki a farko. Kowane sakamako yana ɗauke da lambar da labo ya bayar ba tare da an taɓa ta ba, da ma'aunin yadda aka rubuta shi, da lambar shaidar ma'aunin wadda kwamfuta ke ganewa, da iyakokin lafiya na labon da ya yi awon, da sunan inji ko wurin da takardar ta fito. Alamar "ƙasa da" ko "sama da" tana da gurbinta dabam, domin sakamako irin na "ƙasa da 40" ba arba'in ba ne, haka LO (ya yi ƙasa) da HI (ya yi sama) na na'urar sukari ba lambobi ba ne. Sannan manhaja ta lissafa juyayyen ta ajiye a wani gurbi, tare da shaidar wace lambar juyi ta yi amfani da ita. In an gano kuskure, a gyara teburin juyi, a sake lissafa komai cikin minti kaɗan, asalin yana nan daram.

Ba sai an ƙirƙiro lambobin shaidar ba. Cibiyar Regenstrief da ke Indiyanafolis a Amurka tana kula da tsare-tsare biyu da ake samu kyauta. UCUM na ma'auni ne, yana rubuta kowanne da haruffan da kowace kwamfuta ke karantawa: umol/L a madadin µmol/L, 10*9/L a madadin G/L, /uL a madadin /mm³, meq/L, [IU]/mL. A lura, a tsarin UCUM babban G shi kaɗai ma'aunin maganaɗisu ne, don haka manhajar tantancewa tana iya karɓar G/L ba tare da ƙorafi ba alhali ma'anarsa ta kauce gaba ɗaya. LOINC kuwa na sunan awo ne, an fara shi a 1994. Abin da mutane kan manta shi ne LOINC yana raba awon nauyi (irin g/L) da awon mol (irin mmol/L), kowanne da lambarsa. Sukarin ruwan jini a nauyi 2345-7 ne, ko g/L aka rubuta ko mg/dL. A mol kuwa 14749-6 ne. Kireyatinin 2160-0 ne a nauyi, 14682-9 a mol. Wanda ya juya lamba zuwa mmol/L ya bar ta ƙarƙashin 2345-7 ya aika saƙo mai musun kansa.

UCUM shi kaɗai yana iya juya g/L zuwa mg/dL, tunda duk nauyi ne cikin ruwa. Ba zai iya kai g/L zuwa mmol/L ba sai an ba shi nauyin mol na sinadarin: kusan 180 ga sukari, 113 ga kireyatinin, 60 ga yuriya, 40 ga kalsiyam. Shi ya sa teburin juyi dole ya zama na awo da ma'auni a haɗe. Teburin da ya ce "mg/dL zuwa mmol/L, raba da 18" ba tare da ya ambaci sukari ba, tarko ne.

Tsare-tsaren aika saƙo tsakanin manhajoji sun riga sun tanadi wuraren. A tsarin HL7 na biyu, layin sakamako mai suna OBX yana da gurbi na 3 don sunan awo, na 5 don lamba, na 6 don ma'auni, na 7 don iyakokin lafiya, na 8 don alamar hawa ko faɗuwa. A tsarin FHIR ma adadi yana tafe da lambarsa, da alamar kwatanci, da ma'aunin da mutum zai karanta, da lambar UCUM. Mai sayen manhaja ya nemi a nuna masa da idonsa cewa gurbi na 6 yana shiga rumbu, domin akwai masu haɗa inji da kwamfuta da ke ɗaukar gurbi na 5 kaɗai su watsar da sauran.

Tsadar wannan hanya ba ta wurin ajiya ba ce, ƴan gurabe kaɗan ne aka ƙara. Tsadar ita ce mutum. Sai an sami wanda zai riƙe teburin juyi, shugaban labo ya sa hannu kan kowane layi, kuma kada wani ya iya gyara shi a ɓoye. Ƙaramin asibiti mai awo ashirin ko talatin zai iya gama teburinsa cikin yini biyu. Inda manhaja ta tilasta ma'auni ɗaya ga kowane gurbi, mafita ita ce a buɗe gurabe biyu, "sukari g/L" da "sukari mmol/L", manhaja ta haɗa su wurin nunawa.

Abubuwan da ba sa juyuwa da ninkawa

A nan ne hanya ta biyu ta fi yin ɓarna, domin tana ɗauka komai ninkawa ne.

Yuriya da BUN, wato naitirojin ɗin yuriya a jini, sun fi kowa yaudara. Labon da ke bin tsarin Faransa yana auna yuriya gaba ɗayanta, ya rubuta misali 0,30 g/L, wato 30 mg/dL ko 5,0 mmol/L. Takardar da ta bi tsarin Amurka tana ba da sinadarin naitirojin da ke cikin yuriyar kaɗai, jini ɗaya zai fito 14 mg/dL. Ma'aunin iri ɗaya ne, mg/dL, amma abin da aka ƙirga dabam, bambancin ninki 2,14. Duba ma'auni ba zai kama wannan ba, sai sunan awo: BUN yana da lambarsa ta LOINC, 3094-0.

HbA1c, awon matsakaicin sukari na watannin baya, yana da ragi kafin ninkawa: a cire 2,15 daga kason, a ninka da 10,929, sai 6,5% ya ba da 48 mmol/mol. Kalsiyam 100 mg/L daidai yake da 2,5 mmol/L amma 5 mEq/L, alhali a sodiyam da fotasiyam mmol da mEq abu ɗaya ne. Wanda ya saba da na biyun ya ɗora wa na farko ya yi kuskuren ninki biyu.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a juya su ba sam. Takardun Najeriya sukan zo da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a jini, a madadin hemogulobin. Raba shi da uku ƙiyasi ne na gefen gado, ba awo ba ne. A ajiye PCV a gurbinsa, in an nuna ƙiyasin a rubuta cewa ƙiyasi ne, musamman ga yaron da ake shawarar ƙara wa jini, inda 4 da 5 g/dL ke da hukunci dabam. Awon zazzaɓin cizon sauro da aka rubuta da alamar tarawa, ɗaya zuwa huɗu, ba ya komawa adadin ƙwayoyi cikin µL. Shi kansa adadin, in an ƙirga ƙwayoyin cuta a kan fararen ƙwayoyi 200 aka ɗauka akwai 8000 cikin µL, ya dogara da wannan zato, ya kamata dosiye ya nuna ko da 8000 aka yi lissafi ko da ainihin ƙirgen majinyacin. Yawan ƙwayar cutar bairas a jini, kwafi cikin mL da IU cikin mL, lambar juyinsu ta danganta da kamfanin da ya yi kayan awon, babu guda ɗaya ta kowa. TP, awon daskarewar jini da ake rubutawa da kaso cikin ɗari, ba ya komawa ma'aunin INR ba tare da bayanan sinadarin da labon ya yi aiki da shi ba. Awon hanta a U/L kuma yana canzawa da zafin da aka yi shi, na digiri 37 ya fi na 30 ko 25 yawa, shi ya sa iyakokin lafiya dole su bi sakamako duk inda ya je.

Wane ma'auni za a nuna wa likita?

Wannan tambaya ce dabam da ta ajiya, kuma hanya ta uku ce ke raba su. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya goyi bayan ma'aunin SI, wato tsarin ma'auni na duniya irin su mmol/L, a aikin likita tun 1977. Ƙa'idar ISO 15189 ta ingancin labo ma tana karkata can, ko da yake ta bar ƙofa ga sauran ma'aunai da suka dace. Amma likitan da ya yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, da malamin asibitin da ke CSI, ƙaramin asibitin ƙauye, galibi lambobin sukari a g/L, 0,70 da 1,26, ne ke kansu. Sauya musu allo dare ɗaya haɗari ne.

Ra'ayinmu shi ne a nuna ma'auni ɗaya a duk faɗin asibiti, wanda ya yi daidai da takardun ƙa'idar magani da ke manne a bangon ɗakunan jinya, kada a bar kowa ya zaɓi nasa. In likitan safe yana ganin g/L na dare yana ganin mmol/L, ranar da suka miƙa wa juna aiki da baki za a sami matsala. Ga sukari da kireyatinin kaɗai muna ganin ya dace a nuna biyu gefe da gefe, na gida da manyan lambobi, na biyun da ƙanana. Dalili shi ne ƙa'idojin Hukumar Lafiya da ake bi a ɗakin yara sun fi zuwa da mmol/L da mg/dL: faɗuwar sukari ita ce ƙasa da 2,2 mmol/L, wato 0,40 g/L, ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙasa da 3 mmol/L, wato 0,54 g/L, ga yaro mai tamowa mai tsanani a CRENI, sashen jinyar tamowa. Takardar da aka buga wa majinyaci ya tafi da ita Yamai ko Sakkwato kuwa lallai ta ɗauki biyun.

Kada a dogara da iyakar "lambar da ba ta yiwuwa" wajen kama kuskure. Tana aiki ga hemogulobin, domin 110 a gurbin g/dL ba ya yiwuwa, manhaja za ta ƙi shi. Ga sukari kuwa, duk lambar da ke tsakanin 1 da 6 tana yiwuwa a g/L kuma tana yiwuwa a mmol/L. Ga kireyatinin, daga 40 zuwa sama da 100 tana yiwuwa a mg/L da µmol/L, kuma 9 tana yiwuwa a mg/L da mg/dL. A waɗannan wurare abin da ke taimakawa shi ne kwatanta da sakamakon baya na mutumin: in sabon ya bambanta da na jiya da kusan ninki 5,5 ko 8,8 ko 10 ko 18, manhaja ta tsaya ta tambaya.

Lissafin maganin da ya rataya kan ƙoda shi ne inda kuskuren ke shiga jiki. Tsarin Cockcroft da Gault na ƙiyasta aikin ƙoda yana son mg/dL. Namiji ɗan shekara 60 mai kilo 60, kireyatinin 12 mg/L, wato 1,2 mg/dL, zai ba da kusan 56 mL a minti. In aka cusa 12 kai tsaye, amsar 5,6 ce, sai a hana shi metformin ko a rage masa jentamisin ba gaira ba dalili. In kuskuren ya juya ta ɗaya gefen, a ba mai ciwon ƙoda cikakken magani. Duk wani lissafi na manhaja ya ɗauki lambarsa daga gurbin juyayye, ya ƙi aiki in ma'auni babu.

A wurin shigar da sakamako da hannu, takardar waje kada ta zo da ma'aunin da aka riga aka zaɓa. Ma'aikaci ya zaɓa daga ɗan gajeren jeri na wannan awon kaɗai, sannan allo ya nuna masa juyayyen kafin ya tabbatar. In takarda ba ta da ma'auni, a ajiye ta a matsayin rubutu, kada ta shiga zane ko lissafi, in awon na da muhimmanci a sake shi. Waƙafi da ɗigo ma a tsayar da su: kwamfutar da aka saita da Faransanci tana karanta 1,260 a matsayin ɗaya da ɗoriya, wadda aka saita da Turanci tana karanta shi dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Fayil ɗin da ya bi ta kwamfutoci biyu a duba shi layi-layi.

A cikin labo, ƙananan injunan da ake ɗura wa samfur da hannu ba su san ma'auni ba, lambar ruwan gwajin da aka buga musu suke bi. Kwalbar sukari ɗaya ce, amma takardarta na iya cewa 100 mg/dL, ko 1 g/L, ko 5,55 mmol/L. Ta kireyatinin sau da yawa 2 mg/dL ce, wato 20 mg/L ko 177 µmol/L. Wadda ma'aikaci ya buga, a ma'auninta sakamako zai fito, ko da allon injin na nuna wani abu dabam. Don haka duk ranar da aka canza kamfanin sinadari, ko mai gyara ya taɓa inji, ko injin ya koma saitinsa na asali, a bi samfurin tantancewa ɗaya tun daga inji har allon likita kafin a saki sakamakon kowa.

Tsofaffin bayanan da aka tara ta hanya ta farko suna bukatar haƙuri. A jera lambobin kowane awo wata-wata a duba matsakaicinsu. Inda ya yi tsalle kwatsam, a nemi rajistar labo ta wannan makon a ga abin da ya canza, shugaban labo ya tabbatar da ranar a rubuce, sannan a liƙa ma'auni ga kowane zango tare da alamar cewa daga baya aka liƙa shi. Layukan da suka faɗa cikin makon canjin kansa, ko na takardun waje da ba a san asalinsu ba, a bar su da alamar "ma'auni bai tabbata ba", su fito a dosiye da launi dabam, kuma kada su shiga lissafin magani ko rahoton wata da ake turawa ta manhajar DHIS2.